Tukunyar Daren Laraba

Duk Laraba Luba a asibiti take kwana,
tana karɓar haihuwar matan Jega,
ni kuwa in karɓi madafi.
Takan bar min ashana a kan taga
da gargaɗi guda: "Kar ka yi wa tukunya gaggawa."

Ni tela ne. Na san awon wuya da na kafaɗa,
ban san awon ruwan shinkafa ba,
sai da ta kama yatsana ta tsoma,
ta ce, "In ruwa ya kai gaɓar nan, ka tsaya."
Tun ran nan da yatsa nake awo a gida,
tef yana can rataye a shago.

Kafin magariba nake rufe keke,
in biya ta bakin kasuwa.
Albasar Aliero biyu, masu jar riga,
attaruhu na ɗari biyu,
da busasshiyar tarwaɗa daga Yawuri
wadda ta lanƙwashe ta ciji wutsiyarta
kamar tana jin kunyar kuɗin da aka sa mata.

Ige ce mai tsintar shinkafa.
Shekararta tara, idonta ya fi nawa ganin tsakuwa.
Attahiru na kan gawayi da mafici,
yana fifita yana tambaya,
"Baba, yau mi za mu ci?"
alhali ya sani.
Dafa-duka ce, ɗan nan. Makon jiya ma ita ce.

Manja ya narke, in watsa albasa,
ta yi ƙara irin ta ruwan fari a kan kwano.
Daddawa ɗaya, in murje ta a tafin hannu.
Ƙamshi ya haura katanga,
ya faɗa gidan Inna Tumba ba sallama,
sai in ji muryarta:
"Arzika, rage wuta! Albasar ga ta fara ƙuna!"
Tsohuwar nan da hanci take gani.

Akwai daren da na yi ƙarfin hali na ce ɗanwake.
Ban san inda na kuskure ba, kuka ko kanwa.
Na jefa su ɗaya-ɗaya,
suka watse, suka koma kunu.
Muka tsaya mu uku muna kallon tukunya.
Can Ige ta ce, "Baba, akwai garin kwaki."
Kwaɗon gari da ƙuli-ƙuli muka ci a daren,
da tumatir ɗaya da aka yanka gida takwas.
Muka yi alkawari ba mai faɗa wa uwarsu.
Attahiru ya riƙe alkawarin
har zuwa lokacin da ta yi sallama.

Yau dai ta nuna.
Na ɗaga murfi, tururi ya rufe min tabarau.
An ɗauke wuta, na jingine fitilar waya jikin buta.
Faranti ɗaya, hannu uku.
Attahiru na haƙa rami ta gefensa yana neman kifi,
Ige na tura masa nata da ɗan yatsa,
tana zaton ban gani ba.

Kafin mu sa hannu na riga na ɗebe na Luba,
da tsakiyar kifin, inda ƙaya ba ta da yawa,
na rufe a kula, na naɗe da tsohon zane.
Ƙanzon kuwa ban taɓa shi ba.

Gobe bayan yara sun wuce makaranta za ta shigo,
warin magani a hijabinta, ido ja,
ta ce an samu uku,
ɗayan sai da ya ba su wuya kafin ya yi kuka.
Ta zauna a bakin madafi ko safa ba ta cire ba,
ta yi loma uku shiru.
"Gishiri ya so ya yi yawa, Arzika."
In ce to, in ɗauki makullin shago.
Ina zaure ina neman ɗayan takalmina
zan ji cokali yana bin gindin tukunya,
ƙar, ƙar, ƙar.